Abin Da Ya Ci Mini Hannu

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Mama, ya maigidan da yara? Ina fatan kowa lafiya.

Yaya, kwana biyu ke nan ban yi wanka ba, kada ki yi dariya! Kin san yadda hannuwana suka tsattsage, wata uku shagon gyaran gashina a rufe. Kowa cewa yake rini ne, in haƙura da sana'ar. To na samu wata likitar fata da ta ƙi yanke hukunci da ka. Ta sa na kwaso duk abin da nake taɓawa a shago. Ta ɗibi kaɗan-kaɗan ta zuba a wasu 'yan faya-fayai kamar maɓallin riga, ta manna mini a gadon baya da filasta. Wanda fatata ba ta so, wurinsa zai yi ja. Yanzu haka wuri ɗaya na ta ƙaiƙayi, an kuma hana ni susa da jiƙa bayan. Ban taɓa murnar ƙaiƙayi ba sai yau, ɓarawo ya fara motsi! Ki taya ni addu'a kada ya zama rinin.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, albishirinki!

An ɓare filastar. Wurin rini, man gashi da sabulu duk sumul. Wuri ɗaya ne ya yi jawur da ƙuraje, na ɗan yankin safar hannu ta roba. Eh, wadda kika aiko mini kwali guda! Likita ta ce wani sinadari ne a robar jikina ba ya so. Ni kuwa da hannu ya ƙara tsagewa sai in ninka safa biyu. Ashe kura na ba ajiyar nama. Kada ki sa komai a ranki, alheri kika nufa.

Ta canja mini wata irin safa, ta ba ni man shafawa, ta kuma ja mini kunne kada in taɓa rini da hannu tsirara. Mako biyu ke nan, yau na dunƙule hannu ba ɗigon jini. Sai da na yi hawaye.

Da safe na buɗe shago. Ban gama shara ba maƙwabciyata mai ɗinki ta haye kujera da kanta a tsefe, wai wata uku take jirana, ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. Yaya, na sha aiki!

Ki gaishe da Mama.

Taki har kullum,
Auta