Ciwon Zakunan Teku Ya Kama Autanmu

Zuwa ga ƙanena Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto maka daga ɗakina na Shumaisi a Riyad. A ƙa'ida nan ne zan ce ina fatan kana lafiya kamar yadda nake, amma a cikinmu babu mai ita. Kana kwance a wani asibiti a Kalifoniya, inji ɗaya na taya ka numfashi, wani yana wanke maka jini. Na san ba ka iya karatu yanzu. Na sa wasiƙar nan a shafina na intanet ne saboda abokanka suna ta tambaya, ni kuma bakina ya gaji da maimaitawa. In ka farka ka tarar da ita.

Ranar da ka ce min karatun likitan dabbobin naka zai kai ka ga zakunan teku, dariya na yi. Na ce mu dai a Yawuri ayu muka sani, shi ma sai a bakin Baba. Ka turo min hoton ɗaya, ga gashin baki, ga hannuwa kamar filafilin kwalekwale, ga haushi irin na kare. Na ce duk shanun da ke ƙasarmu ba su ishe ka ba? Ka ce, "Yaya, shanu suna da masu su."

Da kakar nan ta shigo sai muryarka ta sauya. Magaribata ita ce safiyarka, kullum kana kira na kana hanyar aiki. Ka ce ciwo ya ɓarke a cikinsu, suna ta fitowa gaɓa suna kwanciya, yawanci samarin maza. Leptospirosis ka kira shi, ka ce ta fitsari yake yaɗuwa, ƙoda yake ci. Ka nuna min bidiyon wani da ya naɗe hannuwansa a ciki yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ka ce mai lafiya a cikinsu ba ya shan ruwa, abin da ke jikin kifi ya ishe shi, in ka ga yana sha to ƙodar ta tafi. Wasu kun yi musu allura sun tashi. Da yawa ba su tashi ba, kai ne kuma mai buɗe cikinsu ka ɗebi abin gwaji.

Ni da nake aikin jinya a sashen wankin ƙoda, jin haka ya sa na tambaye ka ko yana kama mutum. Ka ce yana kamawa, amma kuna sa safar hannu da dogon takalmi. Ba ka gaya min ɗaya daga cikin dabbobin ya cije ka a tsintsiyar hannu ba, ya huda safar, ka ɗaure wurin ka koma wanke kejinsu. Wannan sai daga baya na ji, a bakin shugabar aikinku, dattijuwar baturiyar nan da kake cewa tana da faɗa irin na Inna.

Da zazzaɓi ya zo ka ce maleriya ce. Maleriya a Kalifoniya, Bashir? Ka sha maganin da ka tafi da shi daga gida. Ka ce sha-raɓarka ke ciwo kamar an doke ka da kulki. Na ce ka tafi asibiti, ka ce hannu ya yi kaɗan a wurin aiki, bari a sallami waɗanda suka warke. A kiranmu na ƙarshe na ga idonka ya yi ja, farin kuma ya soma komawa ruwan ɗorawa. Na yi maka tsawa, ka yi murmushi ka ce fitilar ɗakin ce. Washegari dattijuwar ce ta kira da wayarka.

Tun daga ranar nake zirga-zirga. Ka san zaman nan, ba a fita ƙasar sai kafil, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya yarda. Shugabar sashenmu ta tsaya min, asibiti ya ba ni izinin fita da dawowa, abokan aiki suka raba kwanakina a tsakaninsu ban roƙe su ba. Jakata tana bakin ƙofa a ɗaure. Bizar shiga ƙasar da kake ce ba ta fito ba. Na kai takardar likitocinka, na kai ta wurin aikina, an ce in jira. Ina jira. Ban san abin da ake yi bayan jira ba.

Da zaman ɗaki ya nemi haukata ni sai na koma aiki. Kullum ina ɗora mutane a kan irin injin da kake kai. Na san kowace ƙara da yake yi, na san ma'anar kowace lamba. Shi ya sa in likitanka yana karanto min sakamakon jininka a waya, yana lallaɓa murya, nake ji kamar in ce ya bari. Na riga na gane. Da ma ban san aikin nan ba. Jiya ya ce huhunka ya ɗan yi jini, amma ya tsaya. Kalmar "amma" ɗin nan na riƙe na wuni da ita.

Akwai wani tsoho Balarabe da nake yi wa wankin ƙoda, makaho ne, bai taɓa ganin fuskata ba. Da na zo sa masa allura ya ji hannuna yana rawa. Bai tambaye ni komai ba, ya ce kawai, "Wane suna zan ambata, 'yata?" Na ba shi sunanka. Har aka cire shi daga injin leɓensa na motsi.

Dattijuwar tana zuwa wurinka kullum in ta tashi aiki. Ta ce wanda ya cije ka ya warke, sun mayar da shi teku, ko waiwaye bai yi ba. Ta faɗa ne don in ji daɗi. Allah Ya sani haushi na ji. Sai da na yi alwala na zauna, na tuna kai da ka ji wannan labari da ka kira ni kana ta murna, ka hana ni cin abinci da surutu. Duk da haka ban daina jin haushin ba.

Saura maganar Inna. Na ɓoye mata iya ƙarfina. Na ce jarrabawa kake yi, na ce wayarka ta faɗa ruwa. Ta ce ko da yake a bakin kogi aka haife ka, ba ka taɓa jefa abu a ruwa ba. Yau bayan sallar Juma'a na kira ta na gaya mata komai, har da injin, har da jinin. Ta cikin wayar ina jin kukan kaji a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko akwai mai juya ka gabas, na ce zan roƙa. Sannan ta ba ni saƙo, ta ce in tabbatar ya shiga kunnenka. Na roƙi dattijuwar ta kanga maka waya anjima in faɗa maka da bakina, ga shi kuma a rubuce:

"Ki ce wa Auta ni na riga shi zuwa, ni zan riga shi tafiya. Kada ya yi min rashin kunya."

Ka ji ta, Bashir. Ba ka taɓa tsallake maganarta ba.

Ya Allah, Kai Ka halicci ƙodar nan, Kai kaɗai ke iya ce mata ta tashi. Ka tashi kafaɗun ƙanena. Ka sa wannan ciwo ya zama kaffara, kada ya zama ajali. Ka buɗe min hanya in isa gare shi yana numfashi da kansa. Ka ba mahaifiyarmu ikon ɗaukar abin da na ɗora mata yau. Dabbobin nan da ya tsaya wa, su ma Ka yaye musu. Amin.

Ka huta, amma kada ka daɗe.

Yayarka,
Hadiza