Takwarar Jaririyar Malam Sabo

Abakpa, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Delu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, wani abu ke cina wanda asibitinmu ba shi da maganinsa. An haɗa ni aiki da wata Safiyya daga ofishin jin daɗin jama'a. Ni ina bi gida-gida duba lafiyar mata, ita tana sasanta matsalolin iyali. 'Yar Unguwar Rimi ce, ko awon jini ba ta iya ba, sai zaƙin baki.

Akwai Hasana, matar Malam Sabo mai makarantar allo. Ni na gano jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, ga tsohon ciki. Na yi ta sintiri har takalmina ya tsinke, Malam ya kafe a kan gidansu ba a haihuwa a asibiti. Safiyya ko ta kansa ba ta bi ba. Ɗakin mahaifiyarsa ta shige, ta zauna tana taya ta gyaran zogale, tana kiranta Inna. Washegari tsohuwar da kanta ta tare keke napep, aka kai Hasana asibiti.

An sauka lafiya, mace. Hasana ta raɗa mini za a yi wa ɗayarmu takwara. Har na sayi turmin atamfa. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Kaltume.

Yaya Delu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya.

An yi suna. Yarinya ta ci sunan Safiyya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kishi nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Safiyya ta miƙe cikin mata ta ce ba don Allah ya sa ni Kaltume na gano ciwon ba, da ba uwa ba 'ya. Ko damar jin haushinta da kyau ta hana ni. Na ba da atamfar, na yi murmushi har kumatuna suka gaji.

Jiya aka kawo jaririyar rigakafi. Babbar Safiyya ce ta rungume ta tana lallashi, ni ce mai allura. Haka za ta girma, Yaya, ta hango takwararta ta ruga ta tare ta, ta hango jakata ta ɓuya bayan uwarta.

A gaida yara.

Ƙanwarki,
Kaltume.