Ranar da Baba Nodin Ya Sake Rasuwa

Bakin Tafki, Minnesota
4 ga Agusta, 1897

Yaya Josette,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma tarin nan ya sake ki.

Na yi wa Goggo Wabanokwe ɓarna, gara ki ji daga bakina. Bara da akawun gwamnati ya zo ƙidaya, ni ne tafinta. Goggo tana cikin takabar Baba Nodin, tana yawo da ƙunshin tufafinsa tana kiransa mijinta, kamar yadda kowace mace take yi shekara guda. Akawu ya tambayi ina maigida. Ta ce ga shi can kan tabarma, ba ya magana, ba ya cin abinci sosai. Na fassara daidai, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya rubuta: Nodin, namiji, shekara sittin, yana raye.

Yanzu dangin marigayin sun karɓi ƙunshin, sun taje mata kai, sun sallame ta. Tana son auren wani mutum, Gagagi, kafin shinkafar tafki ta nuna, don ba ta da mai tura mata kwalekwale. Fadan coci ya duba littafin ƙidaya ya ce ba ya ɗaura wa matar aure aure. Goggo ta ce da ni ɗan makaranta mai kan kabewa, wai in je in kashe mata miji tunda ni na tayar da shi.

Ƙaninki,
Ambroise

13 ga Agusta

Yaya Josette,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka ƙare.

Akawu ya ce sai Nodin ya zo da kansa. Goggo ta je wurin ƙannensa mata ta aro shi, wato ƙunshin nan, na yini ɗaya. Ta zaunar da shi a kujerar ofis, ta gyara masa bargo, ta ce da akawu ya tambaye shi duk abin da yake so. Wannan karon na yi bayani mai tsawo.

Mutumin ya yi ja har kunne, amma ya ce ba a goge abin da ya riga ya tafi Washington. Gurbi ɗaya ya rage, na waɗanda suka rasu bayan ƙidaya. Ya rubuta Nodin ya rasu a ranar, Talata. Goggo ta ce ta yi takaba sau ɗaya, ta biyun sai akawu ya yi.

An ɗaura aure ranar Alhamis. Littafi yanzu ya nuna miji ya rasu Talata, matarsa ta yi aure bayan kwana biyu. Na ce mata wanda ya karanta nan da shekara ɗari zai ce ba ta da kunya. Ta ce ya yi ta faɗa, ai ba shi zai tura mata kwalekwale ba.

Zan aiko miki da shinkafa. A gaida yara.

Ƙaninki,
Ambroise