A Bakin Ƙofar Maƙabarta

Daren Ƙaramar Sallah, Istanbul

Sai da na hango mata suna zuba wa kaburbura ruwa na gane inda ɗana Sani yake kai ni. Tun safe muke yawo a ƙafa, shaguna a rufe, yana ta ba ni dariya. Ashe nan aka binne maigidana Alhaji, da ya rasu wajen jinya a garin nan.

"Inna, a garin nan mata suna shiga ranar Sallah," ya ce. "Baba yana ƙarƙashin itacen can."

A garinmu Sheme ban taɓa taka maƙabarta ba, sai na tsaya bakin ƙofa. Allah Ya yi masa albarka, bai matsa mini ba, ya shiga shi kaɗai.

Jibi za mu koma gida. Har yanzu ban ga kabarin mijina ba.