Zangarniya Uku Ranar Godiyar Kaka

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya Legas, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki? Mu a Dutse lafiya lau.

Kin san ambaliya ta cinye mana gero. Ranar godiyar kaka a coci, mutane suka kawo dammuna, ni kuwa na shiga da zangarniya uku, ina rawa har gaban bagade. Wata ta ja mini zane: "Maman Bulus, ko kunya?" Na ce, "Kunyar me? Gonata ruwa ya ci, ba Yesuna ba."

Ki daina cewa in tattara in taho, ba inda za ni. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Irin baɗi yana nan a rataye.

Ƙanwarki,
Ladi