Jan Akwatin Inna Zubaidatu

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Wani otel a unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, zai ba Kawu Abdulrauf kwangilar abincin masu Umara na watan azumi, amma sai sun ga yadda kicinmu ke aiki a zane, daga sayen albasa har ɗora kula a mota. Da yake ni ce mai digiri a gidan, ni zan zaɓi manhajar da za a yi zanen da ita. "Mubina, ki duba mana mai kyau." Digirin dai yau ya ga ranarsa.

Talata, 14 ga Janairu

Uku na ware, na raɗa musu suna. Mai Kyauta: akwati da kibiya kawai, kamar allon makaranta. Mai Ado: launi iri-iri, amma tana juya rubutun Larabci baibai. Mai Agogo: ki gaya mata tsawon kowane aiki, ta nuna miki inda ake tsaiko. Wannan ta burge ni. Ina son abin da ba ya jin kunyar kowa.

Laraba, 15 ga Janairu

Na wuni a kicin ina kallo. Asiya, babbar mai girkinmu, ta ce in matsa da kwamfutata kafin ta sha miyar kuka.

Dokar gidan tun zamanin Kaka: tukunya ba ta fita sai babbar mace ta ɗanɗana ta ce, "Bismillah, ku ɗauka." Yanzu Inna Zubaidatu ce, yayar Umma da Kawu. Tun da aka rushe gidanta a unguwar Nakkasa ta koma unguwar Shisha wajen ɗanta, sai ta jira tasi. Tukwane na jiranta, direba na jiran tukwane. Kuma kowa ya san harshenta ya dushe tun ciwon bara. Komai aka ba ta, "Gishiri bai ji ba." Asiya ta kaɗa hannu wayam a kan tukunya kamar tana barbaɗa gishiri, Inna ta sake ɗanɗanawa, ta ce yanzu ya yi.

Na zana ta. Akwati ɗaya: Ɗanɗanon Inna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na nuna wa Kawu duka ukun a ofis. Da na kunna Mai Agogo, duk akwatunan suka yi kore, na Inna ya yi ja yana ƙyaftawa. Ya tambayi ma'anar jan. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Sai na ce, "Nan abinci ke yin sanyi." Har da ɗan murmushina.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kalas, shi ke nan. Ni ba zan iya faɗa wa Yaya ba, amma tunda na'ura ce ta faɗa…"

Litinin, 20 ga Janairu

Ba na'ura ce ta faɗa ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kawu ya ce wa Inna ta huta a gida, wai saboda ƙafarta. Ta ce to. Abinci ya fita da wuri, da zafinsa, babu wanda ya yi ƙorafi. Lissafina daidai ne. Ina ta maimaita wa kaina haka kamar lazimi.

Kujerarta ta roba tana nan kusa da firji. An ɗora mata buhun tattasai. Asiya kuwa yau "Ustaza" take kirana, ba Mubina ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Umma ta je Shisha. Ta tarar da Inna da asuba ta sa abaya, jaka a cinya, zaune a falo. Wai ta saba ne. Maƙwabtanta na Nakkasa sun watse, wasu Jidda, wasu gida Najeriya. Ashe kicin ne kaɗai ya rage mata inda ake mata Hausa ana jiran amsarta. Jikokinta da Larabci suke gaishe ta.

Inna ta aiko min da dabino. "Ki ba 'yar boko, an ce tana ƙoƙari." Da zagina ta yi, da na fi samun barci.

Mai Agogo ba ta da gurbin rubuta irin wannan. Na duba, wai don in tabbatar.

Talata, 28 ga Janairu

Na ce wa Kawu Mai Kyauta za mu ɗauka. Otel zane suka nema, ba hukunci ba, kuma tana karɓar Larabci daidai. Duk gaskiya ne. Ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, "Ke kika sani."

Da safe na sa Asiya ta zuba min miyar taushe a ƙaramin kwano. Na biya Shisha. Hanya ce. (Ba hanya ba ce.)

Inna ta ɗanɗana, ta rufe ido. "Gishiri bai ji ba."

Na kaɗa hannuna a kan kwanon yadda Asiya ke yi. Ta kalli hannun, ta kalle ni, ta daɗe. Sannan ta sake kai cokali.

"Kira su. Bismillah, su ɗauka."

Motar ta daɗe da fita. Na kira duk da haka. Asiya ta ce, "To, Mubina."

Akwatin Inna ya koma cikin zanen. Wannan manhajar ba ta tambayar tsawon lokaci.