Sallar Ƙarfe Goma

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, na riga ku zagin kaina.

Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a garin Clinton, nan ƙasar Turawa. Kullum ƙarfe goma na safe ni ke sa masu ciwon mantuwa motsa jiki, su ɗaga hannu, su miƙe ƙafa, su tashi daga kujera su koma. Akwai wani dattijo Bahaushe, mu ce Baba, da ya ƙi sam. Turancin ya gudu daga kansa, ko 'yarsa ba ya ganewa, ƙafafunsa kuma kullum ƙara sandarewa suke. Wata rana na gaji da lallashi, na sunkuya na ce, "Baba, an tayar da sallah." Wallahi tsohon da sai mu biyu muke ɗaga shi, sai ga shi ya dafa hannuna ya miƙe, ya yi kabbara, ya yi ruku'u. Babu alwala, babu alƙibla, kiɗan Turawa na tashi a gefe. Na ce daga yau ba zan ƙara ba. Wata huɗu ke nan kullum ina shara masa ƙaryar nan, har ya fara takawa zuwa ɗakin cin abinci. Wace irin Musulma ce ke mayar da sallah atisaye?

Ranar Talata ina gaisawa da wata a ƙofar ɗakinsa, ya ji muryata, ya zabura shi kaɗai zai shiga sahu, ya faɗi. Sai da aka yi masa ɗinki a goshi. A takardar rahoto na rubuta ban san dalili ba. 'Yarsa, wadda likita ce, ta taso daga garin Gaithersburg ta riƙe hannuna tana hawaye: "Ƙanwata, ke kaɗai na yarda da ke a gidan nan. Me ya tayar da shi?" Na kalli ƙasa na ce, "Anti, Allah ne masani."

In na faɗi gaskiya za a raba ni da shi, wataƙila har da aikin, shi kuma ya koma keken guragu. In na yi shiru, duk sanda ya ji muryata zai sake zabura. Jiya, da bandeji a kansa, ya kama gefen rigata ya ce, "'Yata, ban makara ba ko? Kar liman ya sallame."

Gobe ƙarfe goma zai zuba wa ƙofa ido. In ce masa an tayar, ko in wuce bakina a rufe? Me zan yi?